Ruwan AdBlue

AdBlue, ko ruwan tace hayaƙin dizal, wani ruwa ne garai-garai da ake zubawa a wani tanki na musamman a motoci da injinan da ke aiki da man gas, wato dizal, domin rage gubar da ke fita ta salansa. Haɗi ne na yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa kashi 67.5. Ba mai ba ne, ba ya kama wuta, kuma ba a haɗa shi da man da ke cikin tanki. AdBlue sunan kasuwa ne mallakar ƙungiyar masana'antun motoci ta Jamus, VDA. A Amurka ana ce masa DEF, yayin da ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 22241 ke kiransa AUS 32. Sunan yana nuni da launin shuɗi, amma murfin tankinsa ne kawai yake shuɗi, ruwan kansa ba shi da launi.

A Najeriya an fi cin karo da shi a jikin tireloli da motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda aka ƙera domin bin dokokin hayaƙi na can.

Yadda yake aiki

Injin dizal yana ƙona mai ne da zafi mai tsanani, cikin iska mai yawa. A wannan zafin, nitirojin da oksijin da ke cikin iska sukan haɗu su zama gurɓatacciyar iskar da ake kira NOx. Ba a cika ganinta da ido ba, don haka ba ita ce baƙin hayaƙin da tsohuwar mota ke turnuƙewa da shi ba. Wancan toka ce ta man da bai gama ƙonewa ba, kuma matatarsa daban take. Amma NOx tana fusata hanyoyin numfashi, tana kuma tayar da ciwon asma. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal gaba ɗayansa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji.

Na'urar da ke amfani da AdBlue ana kiranta SCR. Wani ƙaramin famfo ne ke fesa ruwan cikin bututun salansa, inda zafin hayaƙi ke rarraba yuriyar ta zama ammoniya. Daga nan hayaƙin ya ratsa wani tukunyar ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, dangin abin da kanikawan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. A nan ammoniya ke haɗuwa da NOx, su rikiɗe su koma nitirojin da tururin ruwa, waɗanda ba su da illa. Idan komai yana aiki daidai, na'urar na iya kawar da kusan kashi 90 cikin ɗari na NOx.

Babbar mota takan sha AdBlue kimanin lita uku zuwa biyar a kowace lita ɗari ta mai. Idan tankin ya ƙare, kwamfutar motar tana yi wa direba gargaɗi, sannan ta rage ƙarfin inji. A ƙarƙashin dokar Turai ta manyan motoci, daga ƙarshe gudun ba zai wuce kilomita 20 a awa ba. Ƙaramar mota kuwa, idan aka kashe ta, ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Wannan ba lalacewa ba ce. Doka ce ta tilasta wa masu ƙera motocin su yi haka don kada direba ya yi watsi da ruwan.

Dokokin da suka kawo shi

Tarayyar Turai ta fara jerin ƙa'idojinta na hayaƙi da Euro 1 a 1992, tana ƙara tsananta su bayan 'yan shekaru. Manyan motoci ne suka fara ɗaukar SCR a wajajen 2005, lokacin da Euro IV ta fara aiki. Amurka ta bi sahu da dokarta ta 2010. Ga ƙananan motocin dizal, adadin NOx da aka amince ya sauko daga miligiram 500 a kowace kilomita a ƙarƙashin Euro 3 zuwa 250 a Euro 4, zuwa 180 a Euro 5, sannan 80 a Euro 6, wadda ta fara aiki a watan Satumban 2014.

A ranar 18 ga Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa wata manhaja da ke gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi, sannan ta sake shi idan an hau titi. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Bayan wannan badaƙala Turai ta ƙara da gwajin hayaƙi a kan titi, abin da ya sa kusan duk sabuwar motar dizal a can take fitowa da tankin AdBlue. A 2024 aka amince da Euro 7.

Farar wuta a man Najeriya

Na'urorin tace hayaƙi ba sa jure man da ke ɗauke da farar wuta mai yawa. Farar wutar tana toshe matatar toka, tana kuma kashe sinadaran da ke cikin tukunyar. Shi ya sa kowane mataki na dokar mota yake tafiya da nasa matakin na tsabtar mai: Euro 4 na buƙatar dizal da farar wutarsa ba ta wuce kashi 50 cikin miliyan ba, Euro 6 kuma kashi 10, wanda shi ne ma'aunin Turai tun 2009.

A nan ne labarin Najeriya ya sha bamban. Har zuwa 2016 ƙa'idar ƙasar ta yarda da dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300 na na Turai. A watan Satumban shekarar wata ƙungiya mai zaman kanta ta Suwizalan, Public Eye, ta fitar da rahoto da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke cakuɗa mai mara kyau a tashoshin ruwan Amsterdam da Antwerp, wanda ba za su iya sayarwa a Turai ba, su yi jigilarsa zuwa Afirka ta Yamma. A Disamba, a wani taro da aka yi a Abuja lokacin da Amina Mohammed take ministar muhalli, Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince su sauko da ma'aunin zuwa kashi 50. Najeriya ta sa 1 ga Yulin 2017 a matsayin ranar fara aiki, amma ranar ta zo ta wuce ba a aiwatar ba.

A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka tsayar da kashi 50 ga duk man da za a shigo da shi daga Janairun 2021, suka ba matatun cikin gida wa'adi zuwa 2025, suka kuma ce motar da za a shigo da ita ta kai aƙalla matakin Euro 4. Daga ɗaya ɓangaren, Holand a 2023 da Beljiyom a 2024 sun hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da dizal a farkon 2024, kuma a watan Yulin shekarar aka yi ce-ce-ku-ce a bainar jama'a tsakanin kamfanin da hukumar NMDPRA a kan yawan farar wutar da ke cikin man gida da na waje. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 domin ta wadata Arewa, ta yi shekaru ba ta aiki, saboda haka man da ake sha a yankin tankoki ne ke hauro da shi daga Kudu.

Dokar hayaƙin mota ma akwai ta a rubuce. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin injinan fetur da dizal a 2011. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gwajin da zai tsayar da mota a hanya saboda hayaƙinta.

A hanya da gareji

Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa dajin Birnin Gwari zuwa Tegina tana cikin manyan hanyoyin da tireloli da tankoki ke bi tsakanin Arewa da Legas. Yawancin motocin da ke wannan zirga-zirga, tsofaffin DAF da Mack da kuma Howo na Sin, ko dai sun girmi zamanin SCR ko kuma an ƙera su a kan tsohon mataki domin kasuwannin da man su bai da tsabta. A garuruwan karkara irin su Kakangi kuwa, dizal ya fi aiki a injin niƙa, da tarakta, da janareto, da injinan niƙa dutse na masu haƙar zinariya. Waɗannan ba su da wata matata ko kaɗan.

Matsalar ta fi fitowa ne a sababbin motocin gwanjo. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya ce ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Wanda ya sayi mota mai Euro 6 yakan tarar gidan man garinsu ba ya sayar da AdBlue, sai dai a nemo jarka a shagunan kayan gyara na manyan birane. Da zarar fitilar gargaɗi ta kama, hanya mafi sauƙi ita ce a kai ta wa mai gyaran kwamfutar mota ya kashe tsarin, ko a liƙa wata 'yar na'ura da ke yaudarar motar cewa tankin a cike yake. Motar za ta ci gaba da tafiya lafiya ƙalau, amma hayaƙinta ya koma na motar da ta girme ta da shekaru masu yawa. A Turai wannan laifi ne da ake cin tara a kansa.

Wasu kuma sukan zuba ruwan famfo, ko su jiƙa takin zamani. Dabarar ba ta rasa dalili ba, domin manomin masara a Birnin Gwari ya san yuriya sarai, kuma sinadarin ɗaya ne. Sai dai takin gona yana ɗauke da abin da ake shafa wa ƙwayoyinsa don kada su dunƙule, ruwan rijiya ko na famfo kuma yana da gishiri-gishiri, kuma dukkansu suna toshe bakin famfon su lalata tukunyar. Idan aka yi kuskuren zuba AdBlue a tankin mai, ba a tayar da inji, sai an juye tankin an wanke.

Ajiya da samuwa

AdBlue yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, abin da ke damun Turawa amma ba ya shafar ƙasar Hausa. Abin da ke ɓata shi a nan zafi ne. A digiri 25 yakan kai wata 18, a digiri 30 shekara ɗaya, a digiri 35 kuwa wata shida kacal. Jarkar da aka jera a bakin titi a zafin Maris da Afrilu ba ta daɗewa. Yana kuma cin jan ƙarfe da farin ƙarfe da baƙin ƙarfe, don haka a roba ake ajiye shi, ko a ƙarfen da ba ya tsatsa.

Ƙasashen da suka dogara da shi sun ga illar ƙarancinsa a ƙarshen 2021, lokacin da Sin ta taƙaita fitar da yuriya, har direbobin manyan motoci a Koriya ta Kudu suka yi ta bin layi. Najeriya ba ta da ƙarancin sinadarin. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a watan Maris na 2022 na iya samar da tan miliyan uku a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme da ta Notore a Onne, duka a jihar Ribas. Yawancin abin da suke fitarwa yuriyar gona ce, wadda ake sayarwa manoman cikin gida ko a loda ta a jirgin ruwa zuwa ƙasashe irin su Brazil.