Tiyatar Rage Ƙiba da Tiyatar Cire Rarar Fata: Nazari a kan Lokacin da Ya Dace da Kowacce

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tiyata iri biyu da mai fama da matsananciyar ƙiba kan fuskanta: wadda ake yi wa tumbi domin nauyi ya sauka, da wadda ake yi wa fata bayan nauyin ya sauka. An dogara da sakamakon manyan binciken asibiti da aka wallafa da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin fiɗa. Maƙalar ta tafi a kan cewa cire rarar fata cikon magani ne, amma yin sa kafin nauyi ya tsaya kuma jiki ya murmure kuskure ne mai tsada.

1.0 Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma manya kaɗai sun kai miliyan 890. Ana gane matsayin ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau kansa. Wanda awonsa ya kai 30 ya shiga sahun masu ƙiba. A ɗauki misalin mace mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 120: awonta ya ɗan haura 44. Idan ta sauko zuwa kilo 75, awon ya koma 27.5, ciwon suga da hawan jini sun lafa, gwiwa ta huta. Sai dai kilo 45 ɗin da suka tafi sun bar fatar da ta lulluɓe su. Wannan fata ita ce abin da ba a cika yi wa majiyyaci bayaninsa tun farko ba.

2.0 Tiyatar tumbi da abin da bincike ya tabbatar

Tumbi a nan ana nufin jakar abinci, ba teɓa ba. Hanyoyi biyu suka fi yaɗuwa. A ta farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar shi siriri kamar hannun riga; da ɓangaren da aka cire kuma ake rage sinadarin girelin mai tayar da yunwa. A ta biyu ana keɓe 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Tushen wannan hanya aikin Edward Mason ne a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960.

Binciken SOS na ƙasar Suwidin, wanda aka fara a 1987, ya bi diddigin mutum 2,010 da aka yi wa tiyata da 2,037 da aka kula da su ba tare da ita ba. Rahotonsa na 2007 ya nuna raguwar mace-mace da kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa aikin. Binciken STAMPEDE, mai mutum 150 masu ciwon suga, ya nuna a 2017 cewa bayan shekara biyar kashi 29 na waɗanda aka karkatar wa tumbi (hanya ta biyu) da kashi 23 na waɗanda aka yanke wa (hanya ta farko) sun kai matsayin sugan da aka nufa, alhali masu shan magani kaɗai kashi 5 ne suka kai. Irin waɗannan hujjoji suka sa a 2022 aka sassauta ƙa'idar 1991 ta cancantar yin tiyatar: yanzu awo 35 ya wadatar, kuma ana duba mai awo 30 zuwa sama idan yana da ciwon suga ko makamancinsa.

Allurai irin su simaglutayid sun kawo wata hanya. A binciken STEP 1 na 2021 masu karɓar allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda aka bi bayan sun daina sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin nauyin da allura ke riƙe da shi bai zama tsayayye ba tukuna.

Zuƙe kitse kuwa ba ya cikin maganin ƙiba. Wani bincike da Samuel Klein ya jagoranta a 2004 a kan mata 15 ya nuna cewa ko da aka zuƙe musu kitse kimanin kilo 10, yadda jikinsu ke amsa insulin bai gyaru ba. Kitsen da ke haddasa cuta yana can cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, inda bututun zuƙa ba ya kaiwa.

3.0 Fatar da ta rage

Ƙarfin fata da talewarta suna hannun zaruruwa biyu, kolajin da ilastin. Idan ƙiba ta ja su shekara da shekaru sai su tsittsinke, kamar robar ƙugun wando da ta saki. Motsa jiki yana gina tsoka amma ba ya ɗinke waɗannan zaruruwa, man shafawa ma haka. Shekaru da yawan haihuwa da shan taba da girman nauyin da aka rage duk suna ƙara tsananta abin. A 2005 likitoci a Pittsburgh suka fitar da ma'aunin da ke duba sassan jiki goma, ana ba kowane sashe maki daga 0 zuwa 3.

Maki ba ya bayyana abin da mai abin ke ji. Fatar ciki takan zubo ta rufe mara, wani lokaci har cinya. A zafin watan Afrilu gumi yana taruwa a ƙarƙashinta, wurin ya yi ja, ya saɓe, ya fara wari, har mace ta riƙa naɗe ƙyalle tana cusawa a tsakani tana canzawa sau da yawa a yini. Tsarki yana wahala, ruku'u da sujada suna wahala, fatar cinya tana gogar juna a tafiya. Akwai wadda takan guji mijinta saboda kunya. Duk wanda ya kira gyaran wannan hali da kwalliya bai ga abin da idonsa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ma, a zamanta na Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta bambanta tiyatar da larura ko buƙata ta kawo da wadda ake yi don sauya halitta lafiyayya, ta halatta ta farkon.

4.0 Lokacin yanka

Bayan tiyatar tumbi nauyi yakan ci gaba da sauka har wata 12 zuwa 18. Wanda aka cire wa fata a wata na shida zai ga sabuwa ta sake zubowa, kuɗi da wahala sun tafi a banza. A nan ne sauri ke haifar da nawa. Galibin likitocin fiɗa suna so nauyi ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata uku zuwa shida, ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2014 kuwa ta nemi shekara guda cur.

Dalili na biyu ya fi na farko haɗari. Tumbin da aka rage ba ya karɓar abinci da yawa, hanjin da aka tsallake ba ya tsotsar sinadarai kamar da. Ana yawan samun ƙarancin furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da D da zinki, kuma da waɗannan ne jiki ke haɗe rauni. Yankan da ya zagaye ƙugu yakan wuce mita guda a tsayi. Idan aka yi shi a jikin da ba shi da abin warkewa, ɗinki ya buɗe, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata, ƙwayoyin cuta su shiga. Mafi muni shi ne gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Saboda haka awon jini ya zama dole, haka cin furotin da bai gaza giram 60 a yini ba, da barin taba aƙalla mako huɗu kafin aiki. Galibi ba a kuma haɗa ciki da ƙirji da dantse da cinya a zama ɗaya. Ana raba su, da tazarar watanni.

5.0 Abin da ya shafi majiyyatanmu

Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda kan kumbura ya wuce iyakar rauni. Wadda hujin kunne ya taɓa yi mata irin wannan tsiro dole ta faɗa wa likita kafin a tsaga mata dantse, domin fata ake musanyawa da tabo, kuma tabon ba ya ɓacewa. Mace mai son ƙarin haihuwa ana shawartarta ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar tumbi, gyaran fatar ciki kuma ya jira har ta gama haihuwa.

Masu hali da yawa a Indiya ko Masar ko Turkiyya ake yi musu aikin, su dawo gida cikin 'yan kwanaki. Doguwar tafiyar jirgi da sabon ɗinki tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma matsalolin rauni sukan bayyana ne bayan an iso gida, inda likitan da ya yi yankan ba ya nan. Wajibi ne tun kafin a sayi tikiti a san likitan da zai karɓi majiyyaci a gida, a kuma dawo da cikakken rahoton abin da aka yi masa.

Kiran wannan maƙala ga likitoci shi ne su yi wa mai neman tiyatar tumbi bayanin rarar fata tun a zaman farko: inda za ta zubo, tsawon jiran da zai yi, da kuɗin aiki na biyu, kafin ya sa hannu a takardar amincewa.