Falasha, 'Yan Mishan da Rigimar Wane Ne Bayahude

A Sabon Birni da Isa, zancen asali ba abin wasa ba ne. Gobirawa na cewa daga gabas suka fito, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa tsatsonsu na komawa ga Kibɗawan Masar. Turawa matafiya irin su Heinrich Barth sun kwashi maganar suka kai Turai, amma a gida ta tsaya a kirari da alfahari. A Habasha kuwa akwai al'ummar da baƙi suka ɗauki labarin asalinta da gaske, har ya raba iyalai gida biyu.

Maƙwabtansu na kiransu Falasha, sunan da suke ɗauka zagi ne. Su kuwa Beta Isra'ila suke kiran kansu. A da, manoma ne da maƙera da masaƙa da magina tukwane a kewayen Gondar. Suna kiyaye Asabar, suna karanta Attaura da harshen Ge'ez, harshen ibadar Kiristocin ƙasar. A wancan zamanin ba su san Ibrananci ba, ba su san Talmud ba, kuma kusan babu wata hulɗa tsakaninsu da sauran Yahudawan duniya.

A 1809 aka kafa wata ƙungiya a Landan da manufa ɗaya tak: shigar da Yahudawa Kiristanci. A 1860 ta tura Henry Aaron Stern, wanda shi kansa Bayahude ne haifaffen Jamus da ya karɓi Kiristanci, ya yi aiki tare da Johann Martin Flad. Sarki Tewodros ya ba su izini bisa sharaɗin cewa duk wanda suka jawo, a cocin gargajiyar Habasha za a yi masa baftisma. Wato su yi noma, wani ya girbe. Zaman bai yi daɗi ba. A 1863 sarkin ya sa aka yi wa Stern bulala aka ɗaure shi, kuma tsare shi da wasu Turawa na cikin dalilan da suka kawo rundunar Ingila Magdala a 1868, inda Tewodros ya kashe kansa.

Waɗanda wa'azin ya jawo ba su da yawa. Abin da ya fi wa'azi aiki shi ne yunwar 1888 zuwa 1892, sai kuma neman gona, domin da wuya Bafalashe ya mallaki ƙasa. Babban tasirin 'yan mishan yana wani wuri dabam. Su ne suka dage wajen gaya wa mutanen nan cewa su Yahudawa ne irin na Turai, domin hujjarsu ta dogara a kan haka: ga Almasihun da annabawanku suka yi alkawari. Rahotanninsu ne kuma suka farkar da Yahudawan Turai. Wata ƙungiyarsu ta Faransa ta aika Joseph Halévy a 1867, almajirinsa Jacques Faitlovitch ya biyo baya a 1904 da littattafan Ibrananci, daga baya ya buɗe makaranta. Masu neman raba su da addininsu ne suka share musu hanyar shiga cikin Yahudawan duniya.

A 1973 babban malamin Yahudawa Ovadia Yosef ya ba da fatawa cewa zuriyar ƙabilar Dan ce. Masana tarihi irin su Steven Kaplan ba su gamsu ba. A ganinsu al'ummar ta samo siffarta ne a cikin Habasha tsakanin ƙarni na 14 da na 16. Fatawar ce dai ta yi aiki. An kwashe kusan mutum 8,000 ta Sudan daga ƙarshen 1984, sannan fiye da 14,000 cikin kwana biyu a Mayun 1991. Duk da haka malaman Isra'ila suka nemi sababbin zuwan su yi wankan shiga addini don kawar da shakka, su kuwa suka yi zaman dirshan a Birnin Ƙudus a 1985.

Jikokin waɗanda suka yi baftisma, da ake kira Falash Mura, su aka bari a Addis Ababa a 1991. Dokar komawa Isra'ila ta cire wanda ya bi wani addini, kuma tun 1962 kotun ƙoli ta hana Oswald Rufeisen, Bayahuden Poland da ya zama limamin Katolika, cin gajiyarta. Sai dai shi da kansa ya zaɓa. Waɗannan kuwa kakanni ne suka zaɓa musu, wasu cikin yunwa. A ganina nan ne dokar ta yi tuntuɓe, domin maƙwabta Kiristoci ba su daina kiransu Falasha ba, da wuya kuma su ba su aure. Daga baya Isra'ila ta riƙa karɓar dubbansu kashi-kashi da sunan haɗa iyali, a ƙarƙashin wata doka dabam, bisa sharaɗin su shiga addinin Yahudanci bayan sun isa. Wasu sun shafe fiye da shekara ashirin a gidajen haya a Gondar suna jiran sunansu ya fito.