ZARE: Yaushe ake juye baƙin mai? Tarihin amsoshin da muka gada a Kano

1/ Jama'a, ku tambayi mutum huɗu a Yakasai yaushe ake juye baƙin mai, amsa huɗu za ku ji. Wannan ya ce duk wata. Wancan ya ce sai ya yi baƙi. Wani ya ce kilomita 5,000. Ɗan boko ya ce ai sintetik shekara guda yake yi. Kowa kuma har da rantsuwa.

2/ Abin da na gano shi ne kowace amsa tana da zamaninta da irin injin da aka yi ta dominsa. Mu ne muka haɗa su a tukunya ɗaya. Yau da kuɗin sabon inji ya kai kuɗin da ake sayen mota sukutum a baya, ya kamata mu san asalin kowacce. Zaren da ɗan tsawo, ku biyo ni.

3/ Mu fara daga lokacin da babu motar ma. Lungunan Yakasai, da na Shahuci da Zango, an fitar da su ne don ƙafa da jaki da doki. Layin dogo ya iso Kano a 1911. A 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma jakuna da raƙuma ne suka fara kawo ta bakin tasha.

4/ Da gyaɗa ta yi yawa har ake dala da buhuna a zamanin su Alhassan Ɗantata, sai manyan motoci suka karɓi aikin, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bedford, Austin, daga baya Marsandi 911 mai bodin katako. Hanyoyin ƙauye kuwa burji ne, ƙura tun daga gona har Fagge.

5/ Man da injinan farko suka sha kusan tsurarsa ne, babu wani sinadarin kirki a ciki. Ko a Amurka sai 1911 aka fara ba wa mai lamba bisa kaurinsa, wato SAE ɗin nan da kuke gani a jikin galan. Filtar mai kuma sai 1923 aka ƙirƙiro ta, da sunan Purolator.

6/ Shi ya sa motocin farko ba sa wuce mil 1,000 sai an juye. Mai ya saurin lalacewa, filta ba ta tace komai sosai, ƙura na shiga yadda ta ga dama. Direba ya zaro gejin mai, ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya ji yashi-yashi, ya ga ya yi baƙi ƙirin, to lokaci ya yi.

7/ Tsofaffin direbobin da na zauna da su a majalisa duk haka suke faɗa: yatsa da ido, sai kuma ƙidayar zuwa da dawowa. Kuma a kan irin man da suka tashi da shi, suna da gaskiya. Nan ne asalin "sai ya yi baƙi". Ina ma zaton sunan baƙin mai daga nan yake, don sabonsa kalar zuma ne.

8/ To amma tun wajen shekarun 1940 kamfanoni suka fara zuba wa mai sinadarin wanki. Aikinsa ya kankare dattin inji ya riƙe shi a jikinsa har ranar juye. Ma'ana man yanzu zai iya yin duhu da wuri alhali da sauran ƙarfinsa. Na injin gas ma kwana biyu ya ishe shi ya koma baƙi.

9/ Akasin haka ma na faruwa. Jabun mai da babu sinadarin wanki a ciki zai iya daɗewa da haskensa, dattin kuwa yana can ya kwanta a cikin inji kamar kwalta. Kai kana murna mai bai yi baƙi ba. Gwajin kakanninmu ya daina aiki, mu ba mu daina gwajin ba.

10/ Zango na biyu, zamanin Fijo. Kuɗin fetur ya shigo ƙasa, ma'aikata suka karɓi Udoji a 1975. A shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Volkswagen na Legas, Steyr na Bauci, Fiat na harhaɗa manyan motoci da tarakta a nan Kano.

11/ Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san 504. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta Alhaji, ita ce ta haya. Da yake mota ba ta shiga yawancin lungunanmu, a bakin titi take kwana, an lulluɓe ta da tampol, yara na zagaye ta. Sabuwa ake saye, da littafinta a cikin aljihun gaba.

12/ Injinan lokacin kafireto gare su. Da safe ka ja cok, fetur ya yi yawa, wani ya gangara ta gefen fistin ya haɗu da mai ya tsinka shi. Don haka littattafan motocin zamanin galibi kilomita 5,000 suke cewa. A Amurka mil 3,000 ake faɗa, kusan kilomita 4,800. Lambar nan ba daga sama ta faɗo ba.

13/ Nan ne ma muka gaji son mai mai kauri. 20W-50 shi ne abincin irin waɗancan injinan. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. Irin wannan mai mai lamba biyu a shekarun 1950 ya shigo kasuwa.

14/ "Duk wata" fa? Ku yi lissafi. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. Direban Fijo wagon da ke zuwa ya dawo kullum yana cin 460. Kafin sati biyu ya cinye 5,000. Shi wata ma ya yi masa yawa. Ma'aikaci kuma, a fahimtata, ranar albashi yake tuna gareji. Sai wata ya zama ma'auni.

15/ Wani abu da da yawanmu ba mu sani ba: Najeriya ta taɓa yin tushen baƙin mai da kanta. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, sashen man inji ya biyo baya a 1983. Ɗanyen manmu bai dace da wannan aiki ba, sai ana shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya.

16/ Sashen nan ya daɗe da tsayawa. Kamfanonin da ke haɗa mai a gida, har da Ammasco na nan Kano, tushen man daga waje yake zuwar musu, su zuba sinadarai su ɗura. Shi ya sa duk ranar da dala ta motsa, galan ma sai ya motsa. Kun dai ga abin da ya faru tun 2023.

17/ Zango na uku: 1986, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta faɗi. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai 'yan Kwatano suka cika gari, wasu ta Legas, wasu ta Nijar su ɓullo ta Maraɗi da Jibiya. Ƙofar Ruwa ta cika da injina da kayan gyara na hannu.

18/ A nan igiyar ta tsinke. Mota ta zo babu littafinta, ko kuma ya zo da Jamusanci. Mitar tafiya wani ya mayar da ita baya kafin ta iso. Ba ka san irin man da ta sha a baya ba. Sai duk ilimin ya koma bakin makanike, shi kuma abin da ogansa ya koya masa a kan 504 ya riƙe.

19/ A wannan matsin ne man awo ya yi kasuwa: a jarka, a kwalba, a robar ruwa, babu suna babu lamba. Wani tsurar tushen mai ne, wani tsohon da aka juye ne aka tace. Hukumar SON ta sha kama jabun mai a cikin galan mai kama da na asali. Araha dai ba ta ado.

20/ Babura ma sun saka nasu. Vespa da su Jincheng na da, mai da fetur tare suke ƙonewa, shi ne hayaƙin da ya rufe Kano a zamanin acaɓa. Su ƙari ake yi musu. Wasu suka ɗauko ɗabi'ar suka kawo kan mota: ya ragu a ƙara, ya ragu a ƙara. Ƙari ba ya fitar da datti, malam.

21/ A 2005 gwamnatin Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku ƙarƙashin A Daidaita Sahu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa. Tun daga nan adaidaita ta gaje titi, daga Kasuwar Rimi har Ƙofar Mata.

22/ Ku lura, 'yan adaidaita da yawa duk sati ko sati biyu suke juyewa, kuma ba ɓarna ba ce. Ƙaramin inji ne, man cikinsa bai kai lita biyu ba, yana aiki tun asuba har dare da mutum huɗu ko biyar. Inji ya buga, babu balas, babu cefane. Su talauci ya koya wa lissafi.

23/ Zango na huɗu shi ne namu: Corolla, Camry, Accord 'yan Amurka. Injekta ta maye gurbin kafireto, fetur ya rage zuba cikin mai. Man sintetik irin Mobil 1 tun 1974 yake kasuwa. Ingancin mai ya yi ta hawa: API SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020.

24/ Can Amurka har sai da jihar Kalifoniya ta yi kamfe tana roƙon mutane su daina juyewa a mil 3,000, don asarar mai ce kawai. Toyota ma a motoci da yawa masu shan 0W-20 ta ce mil 10,000 ko shekara ɗaya. Daga nan ɗan boko ya samo tasa amsar.

25/ Sai dai bai karanta shafi na gaba ba. Littafin ya ce idan kana bin hanya mai ƙura, ko inji na daɗewa yana aiki a tsaye, ko gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi, ka dawo mil 5,000 ko wata shida. Kai ka ce wanda ya rubuta ya taɓa kwana a cikin gari lokacin hunturu.

26/ Ɗauki motar ɗan kasuwa daga Yakasai zuwa Kwari. Tafiyar ba ta da nisa, amma rabinta a cunkoso. Misali: kilomita 5,000 a gudun 80 awa 62 ne da ɗoriya. A gudun 15 na cikin gari ya haura awa 330. Mita ta nuna abu ɗaya, inji ya yi aiki ninki biyar.

27/ Ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙurar nan garin yashi ce. Ta wuce filtar iska, ta shiga mai, ta riƙa goge ringi da metal a hankali. Bugun iska a wajen mai faci ba ya mayar da tsohuwar filta sabuwa.

28/ Wani tarkon: mota 'yar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mu kuma da kilomita muke magana. Mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Makanike ya ce ka dawo bayan dubu biyar yana nufin kilomita, kai kana kallon mitar mil. Ka zarce da dubu uku ba ka sani ba. Duba mitarka yau.

29/ Batun kauri kuma, idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Injin zamani irin mai VVT-i hanyoyin mansa sirara ne, da matsin mai yake sarrafa bawul. Ka ɗura masa 20W-50 na Fijo don wai Kano da zafi, da safe man zai yi jinkirin kaiwa sama. Lambar na kan murfin mai ko a littafi.

30/ To yaushe za a juye? Ga inda na tsaya. Nemo littafin motarka, kyauta yake a intanet, ka bi jadawalin aiki mai tsanani, don shi ne namu. In babu, a cikin Kano man gama-gari kada ya wuce kilomita 5,000, sintetik na gaske 8,000. Ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

31/ Wata shidan nan ya shafi har motar Hajiya da ba ta fita sai biki da asibiti. Mai na tsufa ko mota na ajiye, danshi da fetur na taruwa a ciki idan inji ba ya ɗaukar zafi sosai. Kuma duk juye a canza filtar mai tare. Sabon mai a tsohuwar filta wanka ne a mayar da kayan datti.

32/ Sayi galan a inda ka amince, ka duba hatiminsa da lambar API, a buɗe a gabanka. Rubuta kwanan wata da lambar mita a wayarka. Duk Juma'a kafin ka tayar da mota zaro geji ka duba ko ya ragu. Fitilar mai ta kama kana tafiya, faka ka kashe nan take, kar ka ce bari in ƙarasa gida.

33/ Kuma don Allah wanda aka juye kada ya tafi kwata. Ruwan kwatocin cikin gari da yawa Jakara yake gangarawa, can gaba kuma da ruwan ake ban-ruwan lambu. A tara shi a jarka, akwai masu saye.

34/ Iyayenmu da suka ce duk wata, da kakanninmu da suka ce sai ya yi baƙi, sun san injinansu ciki da bai. Mu ma sanin namu ya rage mana. Ku faɗa min a ƙasa: wace mota, wane mai, bayan nawa kuke juyewa? A tura wa duk wanda ya sayi motarsa ta farko. Allah ya tsare mana ababen hawanmu, amin.