Kango da Aljanu: Tsoron da Ya Girmi Fim

Masu sharhin fina-finai kan ce labarin gidan da aljanu suka mamaye aro ne daga Amurka da Indiya. Tarihin ƙasar Zazzau bai goyi bayansu ba. Tun kafin fitowar fim ɗin Hausa na Turmin Danya a Kano a 1990, mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan sun ɗauki kango, kuka da tsamiya mazaunin iskoki, iyaye na hana yara gittawa ta wuraren da tsakar rana ko da almuru. Jihadin 1804 ya tura bori gefe, amma imani da aljanu ya zauna daram, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su.

Za a ce kiɗan firgitarwa da dabarun kyamara baƙi ne. Gaskiya ne, sai dai a duba wa ake tsoro, wa kuma ke kawo ɗauki. Fim ɗin Turawa yakan dogara da fatalwar mamaci mai neman fansa. Namu ya fi jingina ga aljani, malami kuma ya kore shi da ruƙiyya. Don haka wajibi ne mai sharhi ya auna fim da abin da 'yan kallo suka gada kafin ya kira shi kwaikwayo.