Inshorar lafiya ga ma'aikatan ƙananan sana'o'i a Tuboro: me ke akwai, me ya rage?

A Tuboro, kamar sauran garuruwan Mayo-Rey da ke jihar Arewa ta Kamaru, yawancin masu aiki ba su da albashin gwamnati. Yaran shago ne, da teloli, da makanikai, da masu haya da babur, da masu ɗaukar kaya a kasuwar Mbaibum. Idan ciwo ya kama ɗayansu, daga aljihunsa yake biya, ko ya sayar da akuya ko buhun masara. Haka abin yake a faɗin ƙasar, inda kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga hannun iyalai yake fitowa kai tsaye.

Har yanzu babu wata inshora guda mai araha da ke ɗauke wa irin wannan ma'aikaci duk nauyin jinya. Sai dai a haɗa hanyoyi da yawa, kowace ta toshe nata gurbin.

Ta farko ita ce shirin gwamnati na kiwon lafiya ga kowa, wanda aka fi sani da CSU. Ministan lafiya Manaouda Malachie ne ya ƙaddamar da zangonsa na farko a watan Afrilun 2023 a Mandjou, kusa da Bertoua. A ƙarƙashinsa ana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, a kuma yi musu maganin zazzabin cizon sauro ba tare da biya ba. Maganin tarin fuka da na cutar HIV ma kyauta ne. Mai ciwon ƙoda kuwa yana biyan sefa 15,000 a shekara don wankin ƙoda, maimakon 520,000 da ake kashewa a da.

Ga mai iyali, abin da ya fi amfani shi ne takardar "chèque santé", wadda jihohin arewa uku suka fara amfani da ita tun 2015 da tallafin Faransa da Jamus. Mai juna biyu tana sayenta sefa 6,000, ta samu awon ciki, da hoton ciki, da haihuwa, har da tiyata idan ta kama, da kula da ita da jaririnta na kwana 42. A cibiyoyin da aka amince da su kaɗai take aiki, don haka a tambaya tun zuwan awo na farko. Duk wanda ya taɓa neman kuɗin tiyatar haihuwa da tsakar dare ya san darajar wannan takarda.

To amma a lura: baligin da taifot ko zazzabi ya kwantar, ko ƙaba ta tashi masa, ba ya cikin wannan zango.

Hanya ta biyu ita ce asusun CNPS, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. CNPS ba inshorar rashin lafiya ba ce. Tana biyan fansho, da alawus na iyali, da jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyarsa ta zuwa aiki. Doka ta wajabta wa mai gida ya yi wa ma'aikacinsa rajista, ko da mutum ɗaya ne. Kuɗin ɓangaren haɗari mai gida ne kaɗai ke biya, daga kashi 1.75 zuwa kashi 5 na albashi gwargwadon haɗarin sana'ar. Na fansho kuwa kowane ɓangare kashi 4.2 ne: a albashin sefa 60,000, ma'aikaci zai bar 2,520 a wata. Ga mai walda ko yaron injin niƙa, wannan rajista ita ce bambanci tsakanin jinya da bara. Akwai kuma rajistar ganin dama ga masu zaman kansu tun 2014, amma fansho kawai take bayarwa.

Kamfanoni irin su Activa, Chanas da AXA suna sayar da inshorar lafiya, sai dai sun fi hulɗa da manyan ma'aikatu, kuma asibitocin da suke aiki da su sun fi yawa a birane irin su Garwa da Ngaundere. Kafin sa hannu a tambaya ko takardar na aiki a asibitin gundumar Tuboro, da kason da za su biya, da ko sai mutum ya fara biya sannan a mayar masa.

Gurbin da ya rage, wato ciwon yau da kullum na shi kansa ma'aikacin, galibi asusun 'yan sana'a ne ke cike shi. An gwada ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya a sassan Kamaru, da yawa suka durƙushe saboda ƙarancin mambobi da rashin zubi a kan lokaci. Waɗanda ke son haɗa irin wannan asusu da adashinsu gara su raba kuɗin jinya da na biki, su rubuta iyakar abin da za a ba mutum ɗaya, su kuma karɓi zubin shekara lokacin da kuɗin auduga da masara suka shigo, domin da damina ne zazzabi ke yawa, aljihu kuma a bushe.