Tsamin Bakin Gizo

A tatsuniyoyin Hausa babu wanda ya kai Gizo wayo, amma tsamin baki gare shi. Tsohuwar da ke ba jikokinta labari da dare a Chikaji, sai ta lanƙwasa harshe ta kwaikwayi maganarsa kafin yara su yarda Gizo ya iso. Dodo kuwa, gurnani ya ishe shi.

Tsakanin 1911 da 1913, shekarun da jirgin ƙasa ya iso Zariya har Sabon Gari ya fara kafuwa, Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku. Takarda ta adana dabarun Gizo, muryarsa kuwa ta ci gaba da zama a bakin tsofaffi.

Yau ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, suna koyon harsunan kwamfuta irin su Python da Java, waɗanda ba sa yafe kuskuren ɗigo ɗaya. Abin da ake saƙawa da su, Bahaushe ya kira shi yanar gizo. Sai dai da mijin Ƙoƙi zai yi wa kwamfuta magana da bakin nan nasa, da ba ta ko amsa masa sallama ba.