Burtali

Burtali (jam'i: burtalai) hanya ce ta ƙasa da ake bari tsakanin gonaki domin dabbobi da masu tafiya a ƙafa. Yana haɗa ƙauye da makiyaya, daji da mashaya kamar tafki ko fadama. A ƙasar Sakkwato, ciki har da ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, manoma kan shinge gefensa da aguwa don kada shanu su shiga shuka.

Amfani

Da rani makiyaya kan bi burtalai zuwa kudu neman ciyawa da ruwa, su komo arewa idan damina ta faɗi. Mutanen ƙauye ma suna binsu zuwa kasuwa da gona.

Doka

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashenta.

Matsaloli

Ƙaruwar jama'a ta sa ana nome burtalai da yawa. Inda hanya ta toshe, shanu kan ratsa gona, kuma wannan na cikin manyan dalilan rikicin manoma da makiyaya.